Wa ya ƙirga, Malam Edita?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya taimaka. Ni ba ɗan jarida ba ne kuma ban yi boko mai nisa ba, sakandare na gama na shiga kasuwa, yadi nake saidawa nan Talata Mafara yau shekara 20 da ɗoriya, shadda da atamfa da leshi da boyel, sai kuma farin alawayyo wanda shi ne ma ya sa na ɗauki waya nake wanga dogon rubutu, don haka in ka ga magana ta karkace ko ta yi tsawo a yi min afuwa, ɗan kasuwa bai saba gajarta ciniki ba.

Jaridarku a waya nake karanta ta, babban yarona ne ya sa min shafin, in kasuwa ta lafa bayan azahar nakan karanta da ƙarfi maƙwabtan rumfa na saurare, don akwai waɗanda ido ya yi rauni akwai kuma waɗanda ajami kaɗai sunka iya. To abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kuma wallahi ba ku kaɗai ba ne har gidajen rediyon da muke ji safe da yamma, shi ne wannan kalma ta "in ji". Litinin a ce sojoji sun hallaka 'yan bindiga da dama sun tarwatsa sansanoninsu, in ji kakakin runduna. Talata a ce ɓarayin daji sun kashe mutum 40 a ƙauye kaza, in ji mazauna yankin. Laraba a ce a'a mutum 5 ne, in ji sanarwar 'yan sanda. Alhamis an wuce wurin an koma kan siyasa ko farashin mai, shi kenan 40 da 5 suna nan zaune a shafinku ba wanda ya raba musu gardama. Akwai wani dattijo mai saida huluna kusa da ni, kullum in na kai ƙarshen labari sai ya gyara zama ya ce "to su masu jaridar mi sunka gani?" ni kuma sai in yi shiru don ba ku faɗa ba.

Bari in ba ka abin da ya faru a rumfata. Wata safiya ce cikin damina, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba don har gobe mutanensa ba su da kwanciyar hankali kuma infoma ba su ƙare ba, mutum uku sunka zo bisa babur biyu tun ban gama baje kaya ba, ƙafafunsu duk taɓo, babbansu na san shi don wurina yake yanka wa iyalinsa kayan sallah, amma ran nan ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ya ce "Alhaji alawayyo za ka ba mu, na mutum 23." Na sauko da bandir ina aunawa ina yagewa yarona na ninkewa, shi kuma mutumin yana riƙe da wata 'yar takarda da anka yago daga littafin ɗan makaranta yana karanto min, wane babba ne, wance mace ce a ƙara mata, wanga yaro ne ɗan shekara 7 rabin haka ya ishe shi. Kowane likkafani da sunan mai shi. Alawayyon da ke gare ni bai kai ba sai da na aika rumfar gaba anka ƙaro, kuɗinsu ma bai cika ba na ce su tafi kawai rana na yi, ya bar min takardar a kan tebur ko mantawa ya yi ko da gangan.

Da yamma na buɗe waya. Sanarwar hukuma ta ce mutum 6 ne sunka rasa ransu kuma an fatattaki maharan komai ya daidaita. A Facebook wani yaro ɗan yankin da ke zaune Abuja ya rubuta an kashe sama da 100 an shafe garin gaba ɗaya, mutane na ta yaɗawa suna kuka suna tsinuwa. Washegari kafafen labarai sun ɗauki duka biyun, 6 in ji wane, sama da 100 in ji wane, an gama aiki. Ni kuwa da na yanka 23 da hannuna ba wanda ya tambaye ni, kuma ba don ni wani ne ba, ai ba ni kaɗai ba ne na sani, limamin da ya yi sallar ya san gawa nawa anka jera gabansa, samarin da sunka yi gina sun san rami nawa sunka haƙa don hannunsu ya faɗa musu, direban da ya kwaso masu rauni ya san nawa ya ɗauko nawa sunka cika a hanya kafin a kai asibiti.

Kar kuma ka ɗauka ina cewa 23 ɗina shi ne ƙarshen magana. Bayan kwana 3 mutumin ya dawo ya sayi na mutum 4, an tsinto su cikin dawa, sannan ya ce min akwai waɗanda anka rufe nan inda anka same su da tufafin jikinsu don ba su ɗaukuwa, akwai kuma waɗanda anka kora daji ba a san matsayinsu ba. Kenan lissafin mai yadi ma da saura. Amma in an haɗa nawa da na liman da na mai unguwa da na malamin asibiti za a zo kusa, ko banza dai za a san ba 6 ba ne kuma ba 100 ba ne.

In ka ce wannan labarin rumfa ne to ga wanda duniya ta sani. Farkon Janairun 2022 da anka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, nan maƙwabtanmu, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 anka kashe, waɗanda sunka tsere suna cewa sun kai 200, sai ga ma'aikatar jin ƙai ta tarayya ita ma ta ce sama da 200 anka binne. Gwamnati biyu, a lokacin jam'iyyarsu ma ɗaya, lissafi biyu, tsakaninsu rai 140 da wani abu. Mutum 140 fa Malam Edita ba buhun gero ba ne da za a ce mudu ne ya bambanta, kowane da uwarsa da sunan da anka raɗa masa, aiki ne na littafi da biro, ƙauye ƙauye, suna suna.

Jangebe kuwa cikin ƙaramar hukumarmu take. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 da anka kwashe 'yan matan makarantar, 'yan sanda sunka ce 317, ranar 2 ga Maris anka dawo da 279 anka ce su kenan, bayanin da gwamnati ta yi shi ne wasu yaran daji sunka faɗa sunka ɓuya lokacin harin anka haɗa da su a ƙidayar farko. Wannan ni ban kira shi ƙarya ba, ranar tashin hankali kowa zai iya kuskuren lissafi, kuma ga rijistar makaranta ga iyaye, abu ne mai sauƙin warwarewa ga wanda ya so. Amma na Ƙanƙara a Disambar 2020 fa, gwamna Masari na cewa yara 333 ba a gani ba, kakakin fadar shugaban ƙasa Garba Shehu ya ce 10 ne kacal a hannun ɓarayi, da anka sako su sai ga 344, ya dai fito ya ba da haƙuri daga baya. Chibok a 2014 hedikwatar tsaro ta ce an kuɓutar da duka in ban da 8, iyaye da shugabar makaranta sunka ce ba haka ba ne, anka janye maganar, ashe 276 anka ɗauka. Dapchi a 2018 gwamnatin Yobe ta ce sojoji sun ceto wasu, iyaye sunka kwana murna, gari ya waye anka ce ba a ceto kowa ba. Duk waɗannan sun fita a kanun labarai da "in ji" a gindinsu, kuma duk iyayen yara ne sunka ƙaryata su ba wani na'ura ba.

Ni a fahimtata ta ɗan kasuwa kowa da dalilin da ya sa mudunsa ya bambanta. Gwamna ba ya so a ce jiharsa ta gagare shi, don haka gawar talakawa raguwa take a bakinsa. Kwamanda yana da oga a sama da ke jiran sakamako kuma yana da yara a daji da ba ya so gwiwarsu ta yi sanyi, don haka gawar ɓarayi ƙaruwa take, shi ya sa kullum "da dama" ne ko "masu yawa", kalmar da ba a iya kama mutum da ita. Ɗan adawa shi kuma in an ce 10 sai ya ce 70. Mu ma talakawa, tsakani da Allah, muna ƙarawa, kuma na san dalili don na ji da kunnena wani mai gari na cewa in ka ce mutum 5 ba mai leƙo ka, in ka ce 50 sai ka ga kwamishina da shinkafa da tabarmi wata ƙila ma a ajiye maka soja na sati biyu. Ga su ɓarayin su ma yanzu sun iya, Bello Turji da ire-irensa bidiyo suke saki suna ba da nasu labarin, yaransu na TikTok suna nuna kuɗi. To in kowa da abin da yake karewa, wanda ya kamata a ce ba shi da kaya a motar shi ne ɗan jarida, in shi ma ya zama mai kai saƙo kawai to wa ya rage mana?

Lokacin da na fi gane haka shi ne Satumban 2021 da anka yanke mana layin waya a duk faɗin jihar Zamfara, anka rufe kasuwannin mako anka hana saida mai a jarka. Ba kira ba saƙo ba intanet, in kana son ka gaisa da ɗan uwa ko ka yi odar kaya daga Kantin Kwari sai ka shiga mota har cikin garin Sakkwato, wasu ta can gabas su nufi Funtuwa. Duk ranar da na fita na samu netwok sai waya ta cika da labarin jiharmu daga bakin waɗanda ba sa cikinta, ana ta murna an gama da ɓarayi, ga hotunan gawawwaki ga na jirage na luguden wuta, ni kuwa da safen nan na baro mutanen da anka kora daga ƙauyensu kwance a firamare. Ba na ce soja bai yi aiki ba a lokacin, sun yi, kuma Allah ya jiƙan waɗanda sunka ba da ransu. Amma baki ɗaya ne ke magana sauran an toshe, irin wannan lokaci ne ya kamata jarida ta rubuta ɓaro ɓaro a saman labari cewa wannan maganar gwamnati ce, mu ba mu da hanyar tabbatarwa don ba waya ba hanya.

Ni kaina ba zan wanke kaina ba. A irin wannan fita ne wani ya turo min hoton gawawwaki jere an rufe su da ganye wai ɓarayin da jirgi ya kashe ne a dajin yankinmu, daɗi ya kama ni na tura wa guruf uku har da na 'yan kasuwa ina Allahu akbar. Da na dawo da shi gida bayan an maido layi yarona ya karɓi wayar ya sa hoton cikin Google, ko minti biyu ba a yi ba ya nuna min hoton yana yawo shekaru kafin nan kuma ba ma a Najeriya anka ɗauke shi ba. Kunya ta kama ni, amma ka san abin da na yi? ban koma guruf ɗin na ce ƙarya ce ba, shiru na yi na bar shi ya wuce, don haka in na zarge ku da rashin komawa gyara to na san nauyinsa.

Kuma wannan ciwo tsoho ne. A 2003 lokacin yaƙin Iraƙi ina saurayi, teburin mai shayi cika yake da dare ana jiran a ji ministan yaɗa labaran Saddam, Muhammad Sa'id al-Sahhaf, yana cewa ba sojan Amurka ko ɗaya a Bagadaza ana yanka su a ƙofar gari, muna tafi muna kabbara, wanda duk ya ce anya sai a ce ɗan Yahudu ne, alhali tankokinsu sun riga sun shigo har ana hango su ta bayan kogi. Mun yarda ne don zuciyarmu na so. Can ɗaya ɓangaren kuma Colin Powell ya zauna gaban kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun shekarar da hotuna da 'yar kwalba a hannu yana cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, manyan jaridunsu sunka hau kai sunka zauna, anka rusa ƙasa ba a samu komai ba, sai a 2004 New York Times ta fito ta amsa cewa ba ta yi bincike yadda ya kamata ba. Yaƙin Rasha da Yukren ma haka, a 2022 Yukren ta ce sojojinta 13 na wani tsibiri duk sun mutu anka yi ta yabonsu ashe suna raye an kama su ne, ita kuma Rasha da babban jirgin ruwanta Moskva ya nutse ta ce gobara ce da igiyar ruwa, Yukren ta ce makami mai linzami ta harba masa. Kenan ba Baturen gaskiya ba Balaraben gaskiya in dai ana yaƙi.

Amma abin da ya ba ni ƙarfin rubuto muku shi ne ana iya ganewa, an sha ganewa. Dubi na Kamaru maƙwabciyarmu. A 2018 wani bidiyo ya fito an ga masu kaki sun tasa mata biyu da yara biyu gaba, ɗaya goye a baya, sunka rufe musu fuska sunka harbe su. Ministan sadarwar ƙasar Issa Tchiroma Bakary ya ce labarin ƙanzon kurege ne, wasu sunka ce a Mali ne. Sai masu binciken BBC tare da wasu 'yan sa-kai na intanet sunka ɗauki layin duwatsun da ke bayan mutanen a bidiyon sunka yi ta gwada shi da hoton tauraron ɗan adam har ya dace da wani wuri kusa da Zelevet a arewa mai nisa, dab da iyakar Najeriya, sunka duba gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a gina ba tukuna sunka gane shekarar, sunka auna inuwar sojojin a ƙasa kamar yadda tsofaffinmu ke gane lokacin azahar sunka ce tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2015 ne, sunka gane irin bindigar da kakin har da sunayen wasu. Ƙarshenta gwamnatin da ta ce ƙarya ne ita ta kama sojojin, a 2020 kotun soja ta ɗaure 4 shekara goma goma. Dutse da inuwa fa kawai, abin da kowane ɗan ƙauye ya fi Bature sani.

Haka a Kabul ranar 29 ga Agustan 2021 Amurka ta ce jirginta mara matuƙi ya kashe ɗan ƙunar baƙin wake da mota cike da bam, 'yan jarida sunka je gidan sunka yi magana da maƙwabta sunka karɓi hoton kyamarar ofishin da mutumin ke aiki, ashe ma'aikacin agaji ne jarkokin ruwa yake lodawa zai kai gida, mutum 10 anka kashe 7 yara, cikin sati uku janar ɗinsu ya fito ya ce kuskure ne. Iran ma a Janairun 2020 kwana uku tana rantsuwa ba ita ta harbo jirgin fasinjan Yukren mai mutum 176 ba, bidiyon da mutanen gari sunka ɗauka da waya na cikin abin da ya sa ta amsa.

Mu dawo gida. Tudun Biri, daren 3 ga Disambar 2023, ana maulidi bam ya sauka kan mutane, sojan sama sunka ce ba su ba ne, kafin wani lokaci ta fito jirgi mara matuƙi ne na sojan ƙasa, hukumar NEMA ta ce 85 anka binne, babban hafsan sojan ƙasa ya je da kansa ya ba da haƙuri. Me ya sa gaskiya ta fito da wuri? don ƙauyen na Igabi ne kusa da Kaduna, 'yan jarida sun isa, masu rauni na kwance a asibitin Barau Dikko kowa na iya zuwa ya gani ya ƙirga gado. To mu namu fa da ke can ƙuryar Dansadau ko Maradun ko Zurmi? Mutumji a Disambar 2022 da Tungar Kara a Janairun 2025 duk mutanen wurin cewa sunka yi jirgi ya haɗa da 'yan gari da 'yan sa-kan da sunka fito kare kansu, kuma duk labarin da ya fara fita shi ne an yi nasara kan 'yan ta'adda. Wanda bam ya kashe kuma anka rubuta shi ɗan ta'adda an kashe shi sau biyu, 'ya'yansa za su tashi da wannan suna.

Akwai kuma wani da ya shafe mu mu na bakin iyaka, 'yan uwanmu na Kamba da Kangiwa da Illela sun fi ni jin zafinsa. A Disambar 2024 Janar Tiani na Nijar ya yi doguwar hira da Hausa ya ce Faransa na haɗa baki da Najeriya don a yamutsa ƙasarsa, ya kawo maganar Lakurawa ya ambaci wurare a ɓangarenmu, Nuhu Ribadu mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro shi ma ya fito da Hausa a BBC ya ce ba haka ba ne sam. Gwamnati biyu harshe ɗaya, kasuwa ta rabu biyu, masu jin haushin Tinubu sun bi Tiani masu jin haushin sojan Nijar sun bi Ribadu, har anka kusa dambe a layinmu, kuma Lakurawan nan ba tatsuniya ba ne don wata ɗaya kafin nan sun kashe mutum 15 a Mera ta Augie. To wuraren da anka ambata ai suna da suna, suna da hanya, suna da hakimi da makiyaya da 'yan kaba-kaba masu ratsa dajin kullum, sansanin Bature ba allura ba ne da zai ɓace a cikin ciyawa. Abin da nake so in karanta wa mai huluna shi ne wakilinmu ya je wuri kaza ya kwana biyu ya tambayi mutum kaza ga abin da ya gani ga abin da bai gani ba, ba wai Tiani ya ce Ribadu ya ce ba, wannan ai mun ji da kunnenmu.

Malamanmu na zaure da sunka karantar da mu hadisi ba sa karɓar magana sai sun tambaya wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, ganau ne ko jiyau, an taɓa kama shi da ƙarya? Wannan ta ƙarshen ita ce ba na gani a jarida. Sau nawa anka kashe Shekau a takarda, 2013 an ce, 2014 an ce, 2016 an ce an yi masa raunin da ba zai tashi ba, kullum sai ya fito a bidiyo yana dariya, da ya mutu da gaske a Mayun 2021 daga bakin abokan gabarsa na ISWAP anka tabbatar. Illar abin ita ce ranar da anka faɗi gaskiya ma ba a yarda, da sojoji sunka kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Halilu Sububu a Satumban 2024 rabin kasuwarmu cewa sunka yi ƙarya ne sai da hotuna sunka fito mutanen da sunka san shi sunka shaida, kenan ƙaryar kakaki sojan da ke daji take cuta don an hana shi yabon da ya cancanta. In wata hukuma ta ce ta kashe wane, me zai hana ku ƙara layi ɗaya ku ce a tuna an taɓa sanar da mutuwarsa a baya?

Na san za ka ce Alhaji kana rumfa cikin inuwa kana ba da umarni. Gaskiya ne. Na san hanyar Dansadau ba a binta sai da rakiyar soja, na san wakilinku ba shi da motar sulke wata ƙila ma kuɗin man babur da aljihunsa yake sa, na san wanda ya je taron manema labarai anka ba shi na mota zai ji nauyin ƙaryata mai gidan, na kuma tuna Agustan 2022 da hukumar NBC ta ci tarar Trust TV Naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, ta ci masu tauraron da sunka nuna na BBC kan Zamfara su ma haka, kowa ya ga wannan zai ja jiki. Ban ce a tura yaron mutane cikin daji ya mutu don in samu na karantawa ba. Amma ai su mutanen dajin suna fitowa, ranar Talata duk suna nan kasuwa, suna tasha, suna asibiti suna jinya, suna firamare suna gudun hijira, shugaban 'yan yuniyan na tasha ya san motar da ta fita ba ta dawo ba tun kafin DPO ya sani. Lambar waya goma ta irin waɗannan mutane a kowace ƙaramar hukuma, mu 14 ne kacal a Zamfara, ta fi sanarwa ɗari, sai dai a rufa musu asiri kar a faɗi suna ko sana'ar da za a gane su don an sha bin mutum har gida saboda ya yi magana a rediyo.

Wani abu kuma, shakkar ku sa ta a kanun labari ba can sakin layi na tara ba, don wallahi mutanenmu kanun kawai suke ɗauka a hoto su tura WhatsApp, ba mai buɗe ciki. In an ce "Sojoji sun kashe 'yan bindiga 100" ya zama gaskiya kenan har abada, ko da a ciki kun ce ba ku tabbatar ba. Kuma in ta bayyana an yi kuskure a dawo a faɗa a wurin da anka faɗi na farko da girman rubutu iri ɗaya, ba a lallaɓa a goge cikin dare ba kamar yadda ni na yi da guruf. Marigayi babana yakan ba mu labarin Gaskiya Ta Fi Kwabo da anka fara bugawa a Zariya a 1939, cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ake yi cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus, yakan ce sun yarda da ita ƙwarai amma wani malaminsu ya taɓa tuna musu cewa mai jaridar shi ma yana cikin yaƙin. Ku dai ba na gwamnati ba ne, shi ya sa na rubuto muku ban rubuta wa gidan rediyon jiha ba.

Takardar nan mai suna 23 tana nan cikin littafin bashina, na ƙara 4 ɗin a ƙasa da birona, ba zan ba da ita a buga ba sai masu ita sun yarda, amma in wakilinku na Gusau zai iya zuwa ya gani da idonsa ya zo ranar Talata ya tambayi layin 'yan yadi, zan haɗa shi da direban da limamin in sun shigo kasuwa, shayi da abinci na kaina. Ya dai taso da wuri ya gama kafin la'asar, don daga ƙarfe 5 direbobi ba sa son hanyar.

Wassalam, naka mai karatu,
wani mai saida yadi, Talata Mafara, jihar Zamfara.